Albarka, Kaka

A Cumaná, garinmu na bakin teku, zamanin da sarkin Sifen ke mulkinmu daga ƙetaren teku ba tare da ya taɓa jin ƙarnin kifinmu ba, cocin gari na da littattafan baftisma guda uku. Ɗaya na farare, ɗaya na 'yan asalin ƙasa, na ukun kuwa na tarkacen da ya rage ne: baƙaƙe, bayi da 'yantattu, da duk launin da aka samu in jini ya gauraya. Jariri bai ko buɗe ido ba, alƙalamin fada, wato limamin coci, ya riga ya yanke masa inda zai durƙusa a coci da irin tufar da zai sa. A kasuwa kam kowa gurasar rogon masunta Guaikeri, 'yan asalin ƙasa, yake ci, kuma in gangunan baƙaƙe suka tashi ranar bikin waliyyi San Juan har matan manya sai ka ga ƙafarsu na motsi a bayan taga, suna taɓe baki. Amma littafi littafi ne.

Ña Nicolasa a na ukun take. Uwarta baiwa ce a gonar koko, ita kuwa 'yantacciya ce, mai wanki a bakin kogi. Tana da shekara ashirin wani ma'aikacin jirgin ruwa ɗan Cádiz ya bar mata matsefin kai da ciki, ya koma teku. Da ta haihu sai yarinyar ta fito fara sol, gashi a kwance. Kwana uku Nicolasa tana kallonta, a na huɗu ta gama shawara. Ta san jaririn da aka tsinta a ƙofa, ba a san iyayensa ba, in fatarsa ta yarda a littafin farare ake sa shi, wai don gudun kada a zalunci ɗan mutunci. Sai ta naɗe guntun kututturen ayaba cikin farin ƙyalle, ta ce wa maƙwabta 'yarta ta koma. Aka yi kiɗa da rawa kamar yadda ake yi wa jaririn da ya rasu, aka binne ayaba. Yarinyar kuwa an tsince ta a ƙofar Doña Gertrudis, wata gwauruwa 'yar tsibiran Kanari da ba ta taɓa haihuwa ba. Ba a yi kwana biyu ba Nicolasa ta tsaya a ƙofar nan, nono na jiƙa mata riga, tana tambaya ko gidan na bukatar mai shayarwa.

Haka ta zama 'yar aikin 'yarta. Aka raɗa wa yarinyar Remigia, ta girma tana zama a gaban coci kan darduma, Nicolasa na ɗauko mata dardumar sannan ta koma baya wajen ƙofa. Sai da gwauruwar ta mutu Nicolasa ta faɗa mata gaskiya. Remigia ta yi kwana biyu tana amai, a na uku ta fito ta ce a goge mata takalmi, ba a sake tada maganar ba. Ta auri Don Cipriano mai kanti, ta haifa masa Leandro, ta binne mijin, duk Nicolasa na madafa tana gasa arepa, wainar masara. Ba ta taɓa nadama ba. Ita ta zaɓi hanyar, kuma in ta ga 'yarta ta wuce cikin mayafin da aka hana irinta sawa, sai daɗi ya cika ta har wuya.

Wuri ɗaya kawai ta yi sake. A ƙasarmu yaro ba ya fara yini sai ya harɗe hannu a ƙirji ya ce wa iyayensa da kakanninsa, "Albarka," su ce, "Allah ya yi maka albarka." Wanda aka roƙa ba ya hanawa, don hanawa daidai take da tsinuwa, kuma ba a bayarwa sai an roƙa. Bawa ma yakan roƙi ubangidansa, shi kuwa in yana cikin nishaɗi sai ya amsa da barkwancin da farare ba sa gajiya da shi: "Allah ya mai da kai fari." Abin da ba a taɓa ji ba shi ne fari ya harɗe wa baƙi hannu. To, Leandro na da shekara biyar ya shigo madafa yana kuka, wai kowane yaro a layinsu na da kakar da zai roƙa, ban da shi. Nicolasa, wadda ta binne ayaba ido bushe, ta kasa jure hawayen ɗan yaro. Ta rufe ƙofa, ta sa shi ya rantse, ta faɗa masa. Tun daga ranar kowace safiya yakan shigo, ya tura ƙofa da ƙafa, ya harɗe hannu ya ce, "Albarka, Kaka." Shekara goma sha shida ba fashi. Wannan kalma ita ce duk abin da ta ci daga wahalarta, kuma ta ishe ta.

Leandro ya tashi da kai mai kyau, harshen Latin a bakinsa kamar ruwa. A shekarar da ya cika ashirin da ɗaya makarantar limaman coci da ke Caracas ta ba Cumaná gurbi ɗaya tak, da sharaɗin shaidu bakwai su tabbatar jinin yaro tsarkakakke ne, babu baƙi a ciki ko ɗigo. Don Fermín Arizaga, attajirin koko, shi ma yana da ɗa mai son gurbin, wani daƙiƙin da ko addu'ar cin abinci sai an tuna masa. Da ya ga ba za su yi nasara da ilimi ba sai ya koma ga tsohuwar sana'ar garinmu. Ya riƙa tambaya a shagon aski, cikin murmushi, wai me ya sa mai shayarwa za ta zauna gida shekara arba'in bayan an yaye yarinya, kuma ko akwai wanda ya lura da kunnuwan matan nan biyu. Zancen duniya ba ya ɓuya. Kafin mai binciken da aka aiko daga Caracas ya sauko daga jirgi, maganar ta riga shi isa masauki.

Fada Eulogio ake kiransa, wani siririn mutum mai ciwon ciki, wanda yake kallon kowa kamar shi ya ba shi abincin da ya ɓata masa cikin. Ranar bincike tun kafin ƙararrawar safe ya aiko aka tafi da Nicolasa, don kada ta haɗa baki da kowa. Aka zaunar da ita a tsakar gidan fada, rana na dukanta, tana kallon shaidu suna shiga suna fita. Abin da ya dame ta kawai shi ne yaron ya fita yau ba albarka, a ranar da ya fi bukatarta.

Sai kusan tsakar rana aka kira ta. Remigia na zaune kan kujera da mafici, Don Fermín na tsaye jikin taga, ga magatakarda da alƙalami.

"Ke, tsohuwa, kin san makomar mai rantsuwar ƙarya?" in ji Fada Eulogio.

"Wuta, ranka ya daɗe. Ko da yake an ce irinmu ko ba rantsuwa can muka nufa."

Magatakarda ya yi dariya, fada bai yi ba. Ya sa ta miƙa hannu kusa da na Remigia, ya duba gindin farcensu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga mata ɗankwali da bakin sanda ya leƙa kunnenta kamar mai sayen jaki. Ya tambaye ta ina jaririyar da ta haifa. Ta kwatanta masa kabarin a maƙabartar baƙaƙe, gindin bishiyar tsamiya, ta ce ya tambayi mai haƙa kabari ko akwai shekarar da ba ta kai fure ba. Gaskiya ta faɗa. Shekara arba'in da biyu tana kai wa ayaba fure, don ta san wata rana za a yi mata wannan tambaya. Da aka miƙo mata gicciye ta ɗora hannu, murya ba rawa.

"Ban haɗa jini da uwar ɗakina Doña Remigia ba. Nono na ba ta, kamar yadda saniya ke bayarwa."

Remigia ta ci gaba da fifita. Don Fermín ya juya yana kallon titi, fuskarsa kamar an aiko masa jirginsa ya nutse. Fada ya ce a rubuta, ya sallami tsohuwa. Nicolasa ta juya da zuciya fes. Ta sayar da lahirarta a kan gicciyen nan tana sane, kuma ba ta ga ta yi tsada ba.

Tana kai bakin ƙofa Leandro na shigowa. Awa uku ke nan wani fada na juya shi da tambayoyi a ɗaya ɗakin, bai karya ba, idonsa ya yi zuru-zuru. Ya ɗago ya ga fuskar da yake fara gani kowace safiya, ga ƙofa a bayansa. Sabo turken wawa. Kafin hankalinsa ya iso, hannuwansa sun riga sun harɗe a ƙirji.

"Albarka, Kaka."

A hankali ya faɗa, amma ɗakin ya yi tsit ɗin da ko ƙuda ya wuce sai an ji. Maficin Remigia ya tsaya. Amsar ta taso wa Nicolasa har bakin haƙora, ta danne ta. In ta amsa ta kashe shi, in ta yi shiru ta tsine masa a gaban gicciye. Ta zaɓi shirun, ta lulluɓe shi da dariya irin ta tsofaffin barori, tana tafa cinya. Ta ce ƙaramin maigida tun yana yaro yake tsokanarta haka, wasa ne, ya san tana jin haushi.

Fada Eulogio ya ce abin da ban sha'awa. In wasa ne, to yaron da ke wasa da albarkar Allah bai dace da rigar fada ba. In kuwa ba wasa ba ne, an yi rantsuwar ƙarya yanzun nan, tawada ba ta ko bushe ba. Ya ce su zaɓa. Don Fermín ya dawo daga taga, jini ya dawo masa fuska.

Remigia ce ta samo hanya ta uku. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ta miƙe, ta tako a natse, ta ɗauke uwarta da marin da ya jefar da ɗankwalin tsohuwar ƙasa.

"Munafuka. Ashe abin da kike koya masa ke nan a madafa in na juya baya? Ki sa ɗan Don Cipriano ya harɗe miki hannu, ke?"

Ta juya ga fada tana hawaye, ta ce ita gwauruwa ce mai taushin zuciya, ta bar baƙa ta raina gidanta, ta cusa wa maraya mugun sabo tun bai san komai ba. Nicolasa na durƙushe tana laluben ɗankwali, kuncinta na zafi, a ranta kuwa cewa take yarinyar nan ta iya. Ita ma da haka za ta yi.

Fada ya shafa ciki. Ya ce bayanin ya shiga, sai dai baki ba shi da wuyar magana. Gidan da aka yi wa irin wannan raini ƙara yake kaiwa wurin alƙalin gari, kuma namijin gida ne ke sa hannu. Ya sa magatakarda ya rubuta ƙarar nan take, ya tura takardar gaban Leandro.

"Wadda ba jininka ba ce, hannunka ba zai yi rawa a kanta ba, ɗana."

Leandro ya dubi Nicolasa. Ta ƙi ɗagowa, don ta san in suka haɗa ido zai fashe da kuka, komai ya lalace. Ta ji ya zaro alƙalaminsa daga aljihu, gashin dinya ne da ita ta fige ta fiƙe masa jiya da wuƙar yanka albasa. Ta ji ƙarar bakinsa a kan takarda, doguwar sa hannu mai lanƙwasa da duk gari ke yabo. Magatakarda ya duba ya ce ko ɗigo bai kauce ba.

Bulala ashirin da biyar alƙali ya yanke, a dandalin gari, ranar kasuwa, mai ƙara na tsaye. Kowa ya zo. Masunta suka ajiye kwandunansu suna cewa ai baƙi in ya daɗe a gidan fari mantawa yake. Matan da launinsu ya ɗan fi nata haske suka fi kowa ɗaga murya, saboda kowaccensu na da wata kaka da take ɓoyewa a ɗakin baya. Bayi suka tsaya nesa, wasu na cewa maganinta ke nan, dama tana tafiya kamar ta fi su. Mai bulalar, Pío, ita ta karɓi haihuwarsa. Yana ɗaure mata hannu ya raɗa mata cewa ta yafe masa, ana kallonsa ne, ba zai iya sassautawa ba. Bai sassauta ɗin ba kuwa. A ta tara ta daina ƙirgawa. Abin da ta riƙe shi ne takalman Leandro, da ita ta goge, suna tsaye wuri ɗaya ba su matsa ba har aka gama.

Da yamma Remigia ta shigo madafa da ruwan gishiri ta wanke mata baya da hannunta, ƙofa a rufe. Nicolasa ta jira ko yau za ta ji an kira ta Mama sau ɗaya. Abin da ta ji shi ne ita ta jawo, da ta riƙe bakinta shekara goma sha shida da suka wuce da ba a zo nan ba, kuma fada ya ce ba zai sa hatimi ba sai ta bar gidan. An samar mata bukka a bakin kogi, wajen masunta.

Aka sa hatimi. Leandro ya samu gurbi, ɗan Don Fermín ya koma auna koko. Ranar da jirgi zai tashi Nicolasa ta zauna a ƙofar bukka tun safe, rigar ba ta taɓa mata baya ba saboda ciwo, tana jiran ya ɓullo ta bayan kwale-kwale ya harɗe hannu. Albarkar da ta danne ran nan tana nan a maƙogwaronta, kuma tsoro ya hana ta sukuni, kada yaron ya hau teku da tsinuwarta a kansa. Ta ga jirgin ya buɗe filafilai ya fita. Bai zo ba, ita kuwa ba ta da ikon bayar da abin da ba a roƙa ba.

Shekara shida ta yi tana feɗe kifi tana shanya wa mutane. Idonta ɗaya ya mutu, bayanta ya ƙi miƙewa. Kullum tana tambayar ma'aikatan jirgi ko an ji wani abu ya samu ɗalibai a Caracas, in aka ce lafiya sai ta ce tsinuwar ba ta kama ba tukuna.

Sai ga labari Fada Leandro zai dawo ya jagoranci sujadarsa ta farko a cocin garinsu. Nicolasa ta wanke ɗankwalinta, ta tsinko furanni a bakin kogi, ta ƙulla dabara, don har yanzu kan na aiki. Bayan sujada kowa kan bi layi ya roƙi albarkar sabon fada. Za ta roƙa kamar kowa, zai ce Allah ya yi mata albarka, ita kuma ta ce, "Amin, da ni da kai." Ba wanda zai kama ta da laifi, kuma kayan da ta ɗauka shekara shida ya sauka.

Coci ta cika maƙil. Daga baya wajen ƙofa, da ido ɗaya, ta hango shi cikin fararen kaya masu zaren zinariya, ya yi ƙiba, muryarsa ta cika ginin. Ta yi kuka don daɗi, ba ta ɓoye ba. Aka fara layi yadda littattafai suka tsara, farare, sannan masunta, sannan sauran. Manyan gari ba su tafi ba, suna tsaye gefensa suna taya shi murna, har da Don Fermín da ya tsufa bai huce ba, ga Remigia a kujerar gaba. Da Nicolasa ta iso sai hira ta tsaya, don duk sun gane ta. Ta durƙusa da ƙyar, ta harɗe hannu da furannin a ƙirji.

"Albarka, Fada."

Ya dube ta, ya dubi Don Fermín da ya matso yana kasa kunne. Ta ga maƙogwaronsa ya motsa kamar lokacin da yake yaro in zai yi ƙarya. Sai ya yi murmushi, ya ɗaga yatsu biyu a kanta, ya ɗaga murya yadda na gefe za su ji.

"Allah ya mai da ki fara, Nicolasa."

Manya suka fashe da dariya, Don Fermín ma ya dara, ya dafa kafaɗar fada. Ta ji dariyar Remigia a bayan mafici, ta gane ta, don irin tata ce. Wannan addu'a ba a ce mata "da ni da kai", in ta faɗa ta tona shi.

"Amin, Fada," ta ce.

Na bayanta ya ture ta da gwiwa don ta ba da wuri. Ta dafa ƙasa ta tashi, ta fita ta ƙofar gefe, furannin na hannunta. Ba ta koma bakin kogi ba. Ta bi hanyar maƙabartar baƙaƙe a hankali, tana hutawa a jikin katanga, har ta kai gindin tsamiya. Ta cire ciyawar da ta fito a kan ɗan kabarin, ta jera furannin, ta zauna kusa da shi. Mai haƙa kabari ya wuce ya gaishe ta, ya ce bana ta zo da wuri. Ta ce eh, 'yar da ke kwance nan ita kaɗai gare ta.